Yadda Ake Gano Yawan Asid a Cikin Ruwa

Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. A kan hatsi da yadi da fili haka abin yake. A kan ruwan asid kuwa, ido bai san komai ba. A ajiye kwalabe biyu a kan tebur, ɗaya da asid ɗin da aka tsinka da ruwa sosai, ɗaya kuma da wanda zai huda riga ya ƙona fata, duka biyun garau za a gan su, babu launi ko wata alama da za ta raba su. Maganar ɗanɗanawa ba ta ma taso ba. Ga shi kuma akwai mutane da yawa da aikinsu ba ya tafiya sai sun san asid nawa ne a cikin ruwan da ke gabansu: kamfanin matsar mai, kamfanin madara, masu haɗa magunguna, jami'an da ke duba ingancin abinci, har da ɗalibin da zai shiga ɗakin gwaji ranar jarrabawar WAEC ko NECO. Hanyar da dukkansu suke bi ana kiranta taitireshan, kuma ta haura shekara 200 ana aiki da ita.

Duk macen da ta taɓa dafa miyar yakuwa ta san rabin maganar. Ganyen yana da tsami, tsamin nan kuwa asid ne. Idan ya yi yawa sai ta jefa 'yar kanwa, miya ta taso da kumfa, tsami ya kwanta. Idan hannunta ya zarce, miya ta ɗauki ɗanɗanon kanwa ta lalace. Tsakanin "bai isa ba" da "ya yi yawa" akwai wata gaɓa da kanwar ta cinye tsamin daidai wa daida. Yakuwa mai tsananin tsami tana cin kanwa da yawa kafin a kai wannan gaɓa, mai sauƙin tsami kuma kaɗan ta ishe ta. Ke nan da a ce uwargida tana auna kanwar da take sakawa, da yawan kanwar ya gaya mata yawan tsamin. Abin da masanin sinadarai yake yi ke nan, sai dai shi da ma'auni mai kaifi yake aiki, kuma launi ne yake gaya masa inda zai tsaya a maimakon harshe.

Sinadaran da ke kashe asid, irin su kanwa da toka da sodar da ake sabulu da ita, masana suna kiransu bes. Idan asid ya shiga ruwa yana sakin wasu ƙananan ƙwayoyi na haidirojin masu ɗauke da caji, ana rubuta su H⁺. Su ne masu tsamin, su ne masu cin ƙarfe. Soda kuwa, wato sodiyam haidiroksaid, tana sakin nata ƙwayoyin da ake rubutawa OH⁻. Da zarar H⁺ ya gamu da OH⁻ sai su haɗe su zama ruwa. Idan asid ɗin haidirokulorik ne, abin da ke saura bayan ruwan shi ne gishirin da muke sakawa a miya:

HCl + NaOH → NaCl + H₂O

Guda na wannan yana ɗauke guda na wancan, babu ragi babu ƙari. A nan dabarar take. Ba ma iya ganin ƙwayoyin asid, balle mu ƙirga su, amma muna iya tura musu ƙwayoyin soda da muka riga muka san adadinsu, kaɗan-kaɗan, har kowanne ya sami abokin haɗuwa. Adadin da muka tura shi ne adadin da ke can tun farko. Da yake ƙwayoyin sun yi ƙanƙanta ƙwarai, a dunƙule ake ƙirga su, kuma sunan dunƙulen mol. Mol ɗaya ƙwayoyi 6.022 × 10²³ ne. Mol ɗaya na soda yana da nauyin giram 40, na haidirokulorik giram 36.5, na asid ɗin da ke cikin ruwan khal kuma giram 60. Wannan ne ya sa ba a lissafin da giram kai tsaye: giram 40 na soda zai kashe giram 36.5 na wancan, amma giram 60 na wannan. Idan aka ce kaurin asid, ana nufin mol nawa ne a cikin kowace lita.

Kasuwa ce ta haifi wannan aiki kafin makaranta ta karɓe shi. A birnin Ruwan na ƙasar Faransa, garin masaƙa, wani mai haɗa magunguna mai suna Descroizilles ya ƙera bututun gilashi mai zane a 1791 don auna ƙarfin ruwan da ake faranta yadi da shi, daga baya kuma ya ƙera wani don auna ingancin toka da soda, domin masu sabulu da masu gilashi su san abin da suke biyan kuɗinsa. Gay-Lussac ya gyara kayan aikin a 1824, sannan Bajamushe Karl Friedrich Mohr ya sa wa bututun matsewa a ƙasa yadda ruwa zai riƙa fita ɗigo-ɗigo, ya kuma fitar da littafinsa a kan wannan fanni a 1855. Siffar kayan da ke makarantunmu yau ba ta yi nisa da nasa ba.

Kayan guda uku ne. Akwai biyuret, dogon bututun gilashi mai cin mililita 50, da zane a jikinsa a kan kowace 0.1, sifiri a sama, famfo a ƙasa. Akwai fifet, siririn bututu mai ciki a tsakiya da zane guda ɗaya tal a wuyansa, wanda ke ɗebo mililita 25 cif. Sai kwalba mai faɗin gindi da ƙaramin baki, wadda aka yi ta haka don a iya jujjuya ta ba tare da ruwa ya fantsalo ba. A takardun jarrabawa cm³ ake rubutawa a maimakon mililita, dm³ kuma a maimakon lita, amma abu ɗaya ne.

Ana ɗebo asid ɗin da ba a san kaurinsa ba da fifet a zuba a kwalba, a ɗiga masa manuni ɗigo biyu ko uku. Manuni wani rini ne da launinsa ke sauyawa gwargwadon ko asid ne ya rinjaya ko bes. A ce finolftalin aka sa: a cikin asid ba shi da launi ko kaɗan. Sai a cika biyuret da ruwan soda wanda aka san kaurinsa, a sunkuya har ido ya yi daidai da saman ruwan, a karanta. Saman ruwan ba a miƙe yake ba, gefensa yana ɗan hawa jikin gilashi, tsakiyarsa ta lotsa, kuma ƙasan lotsawar ake karantawa. Hannun hagu a kan famfo, na dama yana jujjuya kwalba, da farar takarda a ƙarƙashinta. Da farko soda tana faɗawa ta ɓace, ba a ganin komai. Can sai a fara ganin wani ɗan ruwan hoda a daidai inda take sauka, da an juya kwalba ya ɓace. Daga nan kuma ya fara daɗewa kafin ya ɓace. To, lokacin ne ake rage famfo, ya koma ɗigo ɗaya, a juya, a duba, a sake wani. Sai wani ɗigo ya faɗa, ruwan kwalbar gaba ɗaya ya rine da ruwan hoda mai haske-haske, ya ƙi ɓacewa har kusan rabin minti. A rufe famfo, a sake karantawa. Bambancin karatun farko da na biyu shi ne sodar da aka ci. A jarrabawar sakandare galibi juya abin ake yi, asid ne a biyuret, bes a kwalba, da manunin metil orenj wanda ke tashi daga rawaya zuwa ruwan goro, amma hikimar ba ta sauya ba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a aikin nan shi ne yadda ƙarshensa yake zuwa farat ɗaya, kuma ya kamata a san dalili, domin a kansa ne amincin hanyar ya rataya. Akwai ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda Sørensen ya fito da shi a ƙasar Denmak a 1909. Lamba 7 ce tsakiya, ƙasa da ita asid, sama da ita bes, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne. A ɗauki mililita 25 na haidirokulorik mai kaurin mol 0.1 a lita, a riƙa zuba masa soda mai kauri irin nasa. A farko pH ɗinsa 1 ne. Bayan an zuba mililita 24, wato an kusa gamawa, bai wuce 2.7 ba. A kan mililita 24.95 yana 4. A kan 25.05 kuwa ya kai 10. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun mililita 0.1 ce, kimanin ɗigo biyu ke nan, amma a cikinta ma'aunin ya tsallake taki shida, alhali mililita 24 na farko ba su ɗaga shi ko taki biyu ba. Dalili shi ne, muddin akwai asid mai yawa a kwalba, ɗigon soda ba ya rage shi da wani abin kirki. Idan ya rage saura ɗan mitsitsi, ɗigo ɗaya ya share shi, na bayansa kuma ya tarar babu wanda zai haɗe da shi, sai ya zauna a ruwan a matsayin bes. Saboda wannan tsalle ne idon mutum da ɗigon rini suke iya ba da amsar da kuskurenta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ba a tsayawa a kan gwaji ɗaya. Na farko na leƙen hanya ne, ana yin sa da ɗan sauri don a san wajen da launi zai juya, kuma ba a sa shi a lissafi. Sai a maimaita a tsanake har a sami biyu ko uku da suka yi kusa da juna. A ce an sami 22.50 da 22.55 da 22.45, da soda mai kaurin mol 0.100 a lita. Matsakaicinsu 22.50 ne, wato lita 0.0225. A ninka da 0.100, a sami mol 0.00225 na soda. Idan asid ɗin haidirokulorik ne, tunda ɗaya da ɗaya suke haɗuwa, mol 0.00225 na asid ne a cikin mililita 25 ɗin nan. Mililita 25 sau 40 ne lita ɗaya, don haka a ninka da 40: mol 0.090 a kowace lita. Mai son amsa da giram sai ya ninka da 36.5, ya sami kimanin giram 3.3.

Wurin da ɗalibai suka fi faɗuwa shi ne zaton kowane asid ɗaya da ɗaya yake haɗuwa da soda. Asid salfurik, wanda ke cikin batirin mota, kowace ƙwayarsa tana sakin H⁺ biyu, don haka tana cin soda biyu. Da shi ne a kwalbar nan ya ci 22.50, da kaurinsa rabi ne, mol 0.045. Abin da nA da nB suke nufi ke nan a ƙa'idar nan da ake haddacewa, CAVA/CBVB = nA/nB. Ba laifi a haddace ta, amma wanda ya gane ƙirga ake yi zai iya fito da ita da kansa ko da ta ɓace masa a ɗakin jarrabawa.

Ruwan khal yana koya mana wani abu daban. Wanda ake sayarwa don girki yawanci an rubuta masa kashi 5 cikin ɗari. Mai son tabbatarwa sai ya fara tsinka shi ninki goma, domin in ba haka ba mililita 25 nasa zai ci soda sama da mililita 200, a yi ta cika biyuret har sau huɗu da ɗori. Idan rubutun jikin kwalbar gaskiya ne, tsinkakken zai ci kusan mililita 20.8, lissafi ya ba da mol 0.83 a lita, a ninka da 60 a sami giram 50 a lita, wato giram 5 a kowace mililita 100. To amma ga abin lura. Haidirokulorik mai irin wannan kauri ba a kai shi baki, khal kuwa ana zuba shi a kan salak. Bambancin shi ne asid ɗin khal mai rauni ne: a kowane lokaci ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na ƙwayoyinsa ne suke sakin H⁺, sauran suna riƙe da nasu. Na'urar auna pH waɗanda aka saki kawai take gani. Taitireshan kuwa duka yake ƙirgawa, domin da soda ta kwashe waɗanda aka saki sai wasu su saki nasu, haka har su ƙare. Tambayoyi biyu ne mabambanta, kuma na'urar pH ba ta maye gurbin biyuret.

Raunin asid yana shafar zaɓen manuni ma. Metil orenj yana juyawa tsakanin pH 3.1 da 4.4, finolftalin kuma, wanda Adolf von Baeyer ya fara haɗawa a 1871, daga wajen 8.2 zuwa 10. Idan asid da bes duka masu ƙarfi ne, tsallen nan daga 4 zuwa 10 ya isa kowannensu ya yi aiki. Amma khal da soda suna cinye juna ne a kusa da pH 9, kuma metil orenj zai gama juyawa tun ba a kai rabin hanya ba, ya ba da amsar ƙarya ga mai gwajin da bai yi kuskure ko ɗaya da hannunsa ba. A nan finolftalin ne kawai ya dace. Idan kuma sodiyam kabonet ake kashewa da haidirokulorik har ƙarshe, metil orenj ne nasa. Tun a 1664 Robert Boyle ya bayyana yadda ruwan wani fure mai launin shunayya yake komawa ja a cikin asid, kore a cikin bes. Mu ma muna da namu a gida: ruwan zoɓo ja ne saboda tsaminsa, a zuba masa jiƙaƙƙiyar kanwa a ga yadda zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Bai kai manunin kanti kaifi ba, amma ya isa malamin da makarantarsa ba ta da kayan gwaji ya nuna wa yara abin da idonsu.

Mai karatu zai iya tambaya, ita sodar da aka ce an san kaurinta, ta yaya aka sani? Tambaya ce mai kyau, domin soda ba abar yarda ba ce a kan sikeli. A bar ƙwayoyinta a fili na 'yan mintuna, za a ga sun fara sheƙi suna jiƙewa, suna zuƙar danshi da iskar kabon daga sarari. Wanda ya auna giram 4 bai san nawa ne soda nawa ne ruwa ba. Shi ma haidirokulorik mai kauri hayaƙi yake fitarwa yana raguwa duk lokacin da aka buɗe kwalbarsa. Don haka ake farawa da sinadarin da ke zama yadda yake, kamar sodiyam kabonet da aka gasa ya bushe sarai. Giram 2.65 nasa, a narkar a cika zuwa mililita 250, ya ba da mol 0.100 a lita. Da shi ake gano kaurin asid, da asid ɗin kuma a gano na soda. Duk wata amsa da biyuret ya bayar, asalinta wani nauyi ne da wani ya auna a kan sikeli.

Ƙananan abubuwa ne suke ɓata aikin. Kumfar iska da ta maƙale a ƙasan famfo, idan ta fita a tsakiyar gwaji, za a ƙirga ta a matsayin soda. Mazurarin da aka manta a bakin biyuret yana ci gaba da ɗiga. Ɗigon da ke saura a bakin fifet ba a hura shi, an riga an yi lissafinsa lokacin ƙera gilashin. Biyuret da fifet ana ɗauraye su da ruwan da za su ɗauka, domin ragowar ruwan wanki zai tsinka shi. Kwalba kuwa da tsabtataccen ruwa kawai ake ɗauraye ta, kuma ko ba ta bushe ba babu komai, domin ƙarin ruwa ba ya rage adadin ƙwayoyin asid da fifet ya zuba. Wanda ya gane dalilin wannan bambanci ya gane taitireshan. Akwai kuma abin da ya shafi lafiya: ba a zuƙar fifet da baki, da robar zuƙa ake yi. Idan za a tsinka asid mai kauri, shi ake zubawa a cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa a kansa. Soda ta fi yawancin asid haɗari ga ido. Idan ta fantsama, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15 sannan a nufi asibiti, kada a ce za a kashe ta da wani asid a jikin mutum.

Yana damuna ƙwarai in ji ɗalibi ya kwafi lambar na kusa da shi, ko ya gyara tasa don uku su yi daidai. Daga cikin yaran nan ne za a sami waɗanda gobe za su sa hannu a takardar cewa maganin nan ko abincin nan ya cika ƙa'ida. Misali, man ja da man gyaɗa idan suka daɗe ko aka ajiye su da danshi, kitsensu yana rushewa ya saki asid, kuma da soda da finolftalin ake auna shi. A cinikin ɗanyen man ja na duniya kashi 5 cikin ɗari ne iyakar da aka saba karɓa. Madarar da ta fara juyawa ma asid ɗinta yana hawa tun kafin hanci ya ji, kuma kamfani da biyuret yake ganewa kafin ya karɓa.

Har sinadarin furotin da ake rubutawa a jikin buhun abincin kaji ko gwangwanin madara, ta wannan hanya ake auna shi. Johan Kjeldahl ne ya tsara hanyar a 1883 a ɗakin binciken Carlsberg da ke Denmak, inda Sørensen ya gaje shi daga baya. Ana dafa abincin a cikin salfurik mai kauri har ya narke, a zuba soda naitirojin ɗinsa ya tashi a matsayin iskar amoniya, a kama ta a cikin asid, a yi taitireshan. Da yake kusan kashi 16 cikin ɗari na furotin naitirojin ne, sai a ninka amsar da 6.25. Amma hanyar naitirojin take ƙirgawa, ba ta san daga ina ya fito ba. A 2008 a ƙasar Sin wasu sun tsinka madara da ruwa suka zuba mata melamin, sinadarin da ake robobi da shi, wanda kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa naitirojin ne. Gwajin ya nuna furotin ya cika. Jarirai kimanin 300,000 suka kamu da ciwo, galibi na ƙoda, shida suka rasu bisa alƙaluman hukuma. A 2010 hukumar Codex mai tsara ƙa'idojin abinci ta duniya ta sa iyakar melamin a madarar gari ta jarirai a kan miligiram 1 a kowace kilo, kuma ana neman sa ne da wani gwaji na daban wanda shi kansa melamin ɗin yake ganowa.